Bajon da Muka Maƙala da Fil

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Haji Sarfaraz Kiyani. Shugabar makarantar Kachnar, Madam Farhat, tare da malamanta da suke tsaye tun safe ba su zauna ba. Limamin masallacin unguwarmu. Kakanni da aka ba kujerun inuwa. Iyaye maza da suka rufe shaguna, da iyaye mata da suka sauke tukunya ba ta nuna ba. Sai ku ƙanana da ke kan darduma kuna jiran in gama a raba alewar jalebi: ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwar girma da ta zumunci.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya. Ina godiya ga Madam Farhat da ta ce in yi magana a madadin iyaye, alhali a cikinku akwai likita, akwai lauya, akwai wanda ya yi karatu har ƙasar waje. Ni sunana Mudassar, fentin manyan motoci nake yi a tashar Pir Wadhai, kuma daga aji biyar na ajiye allo na ɗauki burushi. Da na ce mata ban iya jawabi ba, sai ta ce, "Ai ba jawabi na ce ka yi ba, faɗi abin da ka gani." To, gani kam ina gani, shi ne sana'ata.

Da yawanku kun ji cewa makon jiya an kira mu a waya daga babbar makarantar nan ta Islamabad, mai jan bulo da filin ciyawa, wadda ba sai na faɗi sunanta ba. An ce gurbi ya samu ga 'yarmu Zimal. Tun ranar, duk wanda ya gamu da ni tambayarsa ɗaya: "Yaushe za ku tafi?" Har mai shayin bakin garejinmu sai da ya tambaya. Zan ba da amsa a nan, a gaban kowa. Sai dai ku yi haƙuri da ni, domin mu masu fenti ba mu fara hoto daga tsakiya. Sai mun shafa farin fenti mun jira ya bushe.

Magana ta farko a kan mafarki ce.

Duk direban da ya kawo mini mota, kusan hoto ɗaya yake so a bayanta: tafki mai shuɗin ruwa, duwatsu masu ƙanƙara a kai, ɗawisu a gefe, da ɗan ƙaramin gida mai jan rufi a bakin ruwa. Na zana gidan nan har ban san adadi ba. Na san yadda hayaƙi ke tashi daga rufinsa, na san inda inuwarsa ke faɗuwa da la'asar. Wani lokaci, idan rana ta yi sanyi, ina kan tsani, sai in ji kamar in na tura ƙofar za ta buɗe. Amma ban taɓa zana mutum a cikinsa ba, kuma babu direban da ya taɓa cewa in zana. Shi kansa direban ba ya ganin hoton idan yana tafiya. Yana gaba yana fama da hanya, gidan yana bayansa, na baya ke kallo.

Matata Shagufta nas ce. Motar asibitinsu tana bi ta gaban waccan makaranta kullum da safe, tana ganin jan bulo, tana ganin ciyawa da raɓa a kanta, tana ganin yara cikin fararen safa suna shiga a jere. Tun Zimal tana cikin zanin goyo take cewa, "Baban Zimal, can za ta je." Ban taɓa yi mata dariya ba, kuma ba zan yarda wani ya yi ba. Mace ce da ta yi karatu da kyar, a makarantar da ruwan sama ke shiga aji, ta so wa 'yarta rufin da ba ya yoyo. Ranar da ta kai ni na ga wurin, nan take na gane shi. Gidan nan ne na bakin tafki, wani ya gina shi da gaske.

Magana ta biyu a kan yadda muka zo nan ce, kuma Madam za ta yafe mini.

Kun san al'adarmu a garin nan. Ba a neman makaranta ɗaya. Ana neman wadda ake so, sannan a ajiye wata a gefe ko da ta ɓaci. Yayan matata, Kamran, wanda ya shigar da 'ya'yansa manyan makarantu ya zama malaminmu a wannan fanni, ya ƙara mana da wata dabara. Ya ce, "Ku nemi wata 'yar ƙarama wadda intabiyunta ke riga na babbar. Yarinya ta je ta yi gwaji, bakinta ya saba. Kai ma, Ustad mai fenti, ka koyi zama a kujera, don na lura ko a gidan biki tsugunawa kake so ka yi."

Muka zagaya. Wata mun tarar babu taga. Wata tana saman shagon masu walda. Wata kuma mai gadinta ya daka wa Zimal tsawa tun daga ƙofa. Da muka shigo nan, watan Maris ne kamar yanzu, bishiyar kachnar ɗin nan, wadda makarantar ta ci sunanta, ta zubar da furanni a tsakar gida, fari da shunayya, ba a kuma share ba. Na tambayi mai shara, ta ce Madam ta hana, wai sai yara sun gama tsinta. Na dubi Shagufta na ce, "Wannan." Ta ce, "To, ai na gwaji ne, ko wacce ma ta yi."

A kan babur, muna tahowa ranar intabiyu, Zimal tana zaune a kan tankin mai ta takure, uwarta ta sunkuyo ta ce mata, "Kada ki ji tsoro, wannan ba ta gaske ba ce. Wasa ne kawai." Ni ma na ce, "Wasa ne, 'yata." Da ta ji wasa ne, sai ta saki jiki. Madam ta ba ta takarda da launuka, ta zana sama ruwan hoda. Na ji Shagufta ta taka ƙafata a ƙarƙashin tebur, don watanni ana koya wa yarinyar nan cewa sama shuɗiya ce. Madam ta duba, ta ce, "Wannan wane lokaci ne?" Zimal ta nuna ni ta ce, "Lokacin da Abbu ke dawowa." Daga nan ba ta rufe baki ba sai da aka ce mana mun gode.

Ranar babbar makaranta kuwa, tun da sassafe aka goge mini hannu da kananzir don fenti ya fita daga farce, aka fesa mini turare don kananzir ya ɓuya, aka zura ni cikin kwat ɗin Kamran, na shiga ina ƙanshin fure da fitila a lokaci guda. Duk wanda ya sumbaci Zimal a ƙofar gida sai ya ce, "Yau ce ta gasken, ki yi ƙoƙari." Malamar da ta karɓe mu mutuniyar kirki ce, ta durƙusa, ta yi murmushi, ta nuna mata hoton tuffa. Zimal ta kalli tuffa, ta kalli uwarta, ta kalli takalminta. Ko sunanta ba ta faɗa ba. Aka ce mana babu gurbi a bana, amma an sa ta cikin masu jira.

Magana ta uku a kan fil ce.

Kun ga bajon makarantar nan, ɗan ƙyallen mai hoton fure da ake ɗinkawa a ƙirjin riga. Na Zimal ba a ɗinka shi ba. Rigar babbar makaranta da ta nan kalarsu ɗaya, sai Shagufta ta ce ɗinki zai bar tabon allura, gara a maƙala da fil, ranar da aka kira mu a cire kawai. Kowace safiya a maƙala, kowace ranar wanki a cire. Idan baƙi suka tambaya ina Zimal take karatu, amsarmu ɗaya ce: "Tana nan Kachnar kafin." Kafin. Haka muka yi ta faɗa a kan tabarma, a kan babur, a gidan biki, tana zaune a cinyarmu tana cin gurasa.

Ku dubi bangon can na dama. Al'adar makarantar nan ce, kowane sabon yaro ya tsoma tafin hannunsa a fenti ya manna a bango, a rubuta sunansa a ƙasa. Wata rana na zo ɗaukar Zimal da wuri, ina jira, idona ya bi hannuwan nan ɗaya bayan ɗaya, kamar tsuntsaye sun sauka a kan waya. Na ga na Hadiya ƙawarta, ruwan ɗorawa. Kusa da shi akwai fili, an rubuta Zimal, babu hannu. Madam Farhat ta fito ta same ni a tsaye. Ta ce, "Na yi na yi, ta ƙi. Cewa take, 'Madam, ni wucewa zan yi, a bar wa wata.' Na bar mata wurin. Ba na gaggawa."

Ni ma ba mai gaggawa ba ne. Ban yi wa kowa faɗa ba, ban ce komai a gida ba. Na dai ci gaba da kallo. Na ga ta koyi haruffa, na ga ta koyi waƙar ƙirga, na ga tana tsintar wa Hadiya tsakuwoyi masu ƙyalli a garejinmu. Na kuma ga kullum idan an tashi, sauran yara suna barin kofunansu a kan teburin aji, ita tana kwashe nata duka ta zuba a jaka.

Sai makon jiya waya ta zo. Kafin la'asar Kamran ya iso da kwalin alewa yana ɗaga murya tun daga zaure: "Ina 'yar Islamabad? Ustad, fito da kananzir, za mu koma!" Ya ɗaga Zimal sama ya ce, "Makarantar gaske ta kira ki!"

Jama'a, ba ta yi kuka ba. Da ya sauke ta, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko rigarta, ta ɓalle fil ɗin da kanta, da ƙananan yatsun nan, ba ta ko soki hannu ba, don ta sha ganin yadda ake yi. Ta miƙa wa uwarta bajon a tafin hannu. Sannan ta ce, "Ammi, tunda makarantar ba ta gaske ba ce, Hadiya ma ba ƙawar gaske ba ce?"

Kamran ya ce, "Kai, yara! Can za ki samu ƙawaye masu mota." Shagufta ba ta dube shi ba. Ta daɗe tana kallon ƙyallen nan a hannunta. Ni na san abin da take gani: jan bulo, ciyawa, raɓa, shekarun da ta yi tana leƙe ta tagar motar asibiti. Na bar ta da shi, domin mafarkinta ne, ba ni da ikon sauke shi. Can sai ta ce, "Baban Zimal, miƙo mini gwangwanin allura."

Kamran ya ce, "Shagufta, kin haukace? Mutane na shekara da shekaru suna jira!"

Ta ce, "To, yau wani ya huta da jira. Yaya, buɗe alewar, a ci."

Ta ɗinka shi zagaye, ta sake bi, ta ƙulle zaren ta cije da haƙori. Ko da almakashi sai an sha wuya.

Wannan ita ce amsar masu tambaya: ba za mu tafi ba. Ba don waccan makaranta ba ta da kyau ba. Tana da kyau, kuma duk wanda ya samu ya kai ɗansa, Allah ya sa albarka. Ban kuma ce mun fi kowa dabara ba. Wataƙila wata rana Zimal ta girma ta tambaye mu dalili, mu rasa ta cewa. Roƙona ɗaya ne gare ku, iyaye. Ku nemi biyu, ku nemi uku, ku ajiye wata a gefe, haka zamani ya zo da shi. Amma duk inda kuka ajiye yaro da safe, kada ya ji kun ce "kafin". Mu ne muke da jiya da gobe. Shi inda ya rataye jakarsa, inda aka san sunansa, inda wata ke ajiye masa wurin zama, nan ne duniya.

Mai girma shugaba, kafin in sauka ina da sanarwa a matsayina na mai fenti. Masu tsayuwa ta dama, don Allah ku ɗan matsa, kada ku jingina da bango. Kusa da hannun Hadiya akwai wani sabo, ruwan hoda, ni na haɗa launin da safen nan, kuma bai bushe ba tukuna.

Allah ya saka wa Madam Farhat da malamanta da alheri, ya ƙara musu haƙurin jira. Allah ya raya mana yaran nan, waɗanda za su zauna da waɗanda za su tafi, ya sa kowa ya tarar da wurinsa a ajiye. Allah ya ba iyaye abin ɗawainiya, ya sanyaya zukatan masu jiran kira. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya. A raba jalebi.

Na gode.