Ko Sannu Babu a Hanyar Lyon

Salamu alaikum Malam mai shiri, barka da aiki. Habu ne daga Sevran, nan Faransa.

Ran Asabar na kama hanyar Lyon zuwa sunan jikata, sai motata mai shan gazuwal, wato man dizal, ta ɗau zafi. Da na duba, ruwan inji ya kusa ƙarewa. Ba ɗigo a ƙasa, sai farin hayaƙi ta baya. Na ɗaga murfin gaba ina jira, kamar a hanyar Damagaram, inda kafin inji ya huce wani ya kawo maka jarkar ruwa. Motoci suka yi ta wucewa, ko sannu babu. Aka yi suna ba ni.

Makanikai masu sauraro, ina ruwan nan yake zuwa? Ina so in ɗauki yarinyar nan tun tana jaririya.