Famfon da Na Rage a Legas

Tunkiyar Inna ce ta kai ni Legas. Ta sa aka ja ta zuwa Kasuwar Muda Lawal, ta ƙulle abin da aka samu a tsumma, ta cusa mini a aljihu ta ce, "Ibro, ban da ɓarna." Iyakar nasihar ke nan. Ku da kuka taso da famfo a tsakar gida ba za ku gane kakarku ba. A Ƙofar Dumi ta lokacinmu, ruwan alwala a kwano ake tare shi a zuba wa zogale. Ka bar buta tana ɗiga, sai dai ka ji ludayi a ƙeya. Ke Hafsatu daina dariya, ubanki ya fi kowa shan ludayin nan.

To na sauka garin da ruwa ya yi wa yawa. Satin farko mai gidan hayarmu, Iya, ta tarar na jera bokitai ina tarar ruwan sama.

"Malam, me kake tarawa?"

"Ruwa mana, Iya."

"Jira damina ta zauna, har kan katifarka zai kawo kansa."

Kuma wallahi ya kawo.

Na sami aiki a wani kamfanin gilashi. Kun san in an yanka gilashi bakinsa ya fi aska kaifi, to mu shida ne masu goge bakin da hannu. Ka fara da dutse mai kaushi, ka koma mai laushi. Gilashin tebur ɗaya sai ya ci maka rabin yini, yatsu duk tsaga.

A shekara ta biyu Oga mai kamfanin ya kawo inji, tsawonsa ya kai zauren nan. Duwatsu tara a jere a cikinsa, kowanne da sandar da ke juya shi, wai sifindil. Ku ji suna, kamar na maganin tari! Ka tsayar da gilashi a wannan baki, ya tafi a hankali da kansa. Na farko su cinye kaifin, na tsakiya su fere gefen, na ƙarshe su sa masa sheƙi. Aikin rabin yini, kafin shayinka ya huce an gama. Aka sallami mutum biyar, ni aka bar ni ina ɗora gilashi. Mai kula da injin kuwa Sande ne, wani mutumin Binuwai mai sanyin hali, matarsa da tsohon ciki.

Abu ɗaya ya hana ni sakat. Kowane dutse da ɗan bututunsa yana fesa masa ruwa, shaaa, tun safe har yamma, ruwan yana gangarawa wata kwata a ƙarƙashi. Babu mai ko kallo. Ni kuwa ji nake kamar jinina ke zuba. Sai na tsiri wata dabara: in Sande ya buɗe famfo ya juya baya, in lallaɓa in rage shi rabi. Har daɗi nake ji, wai ina taimakon Oga, ga lada.

Kwana uku bakin gilashi ya fara fitowa fari-fari kamar an toya. Rana ta huɗu wani ƙaton madubi ya ce ƙas a tsakiyar inji, duwatsu biyu suka ƙone. Oga ya fito daga ofis rigarsa a buɗe.

"Sande! Injin da ko wata bai yi ba?"

"Oga, ruwa ne. Dutse in bai sha ruwa ba zafi yake yi. Kullum ina buɗewa, kullum sai in tarar ya ragu."

"Aljanu ke rage shi? Kwashe kayanka!"

Ba wanda ya taɓa ganina. In na yi shiru aikina na nan. In na yi magana, da wane ido zan dubi matar da ta sayar da tunkiyarta? Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na ga Sande yana naɗe rigar aikinsa ko musu bai yi ba, sai na ji bakina ya ce, "Oga, ni ne."

"Kai ne me?"

"Ni ke ragewa. Ɓarnar ta yi yawa."

Sande ne ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan inji, ya ɗaga wani murfi. Ashe tanki ne! Ruwan da nake wa kuka nan yake taruwa, garin gilashi ya kwanta, ruwan ya sake hawa bututu. Ruwa ɗaya ne ke ta zagaye tun ranar farko. Kai, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Oga bai kore ni ba, amma ya mai da ni shara da kwashe laka daga tankin nan shekara guda cur. A nan na koyi injin, daga gindinsa. Da Sande zai koma gida, shi ya ce a ba ni injin, wai bai taɓa ganin wanda ya damu da ruwa kamata ba.

Da na dawo Bauchi na fara saya wa Inna tunkiya, sannan na buɗe shagon da kuka sani, da ɗan tsohon inji mai dutse huɗu. Ranar da na kai ta gani, ta tsaya tana kallon madubi yana fitowa sumul, tana ta "Masha Allah." Sai na ga ta karkata kunne. Hannunta ya nufi famfo.

Na riƙe hannun. "Inna, bar shi ya zuba."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ibro, Legas ta lalata ka."