An Sauke 'Yan Ruga Daga Motar Zuwa Gidan Tarihi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro. Sunana Malama Hajara, ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Bukkuyum, kuma raina a ɓace yake.

Wata biyu na kwashe ina shirin kai 'yan aji shida gidan tarihi a Sakkwato. Cikinsu akwai 'yan mata huɗu daga ruga. Sau uku na hau mashin zuwa wajen iyayensu kafin sunka yarda. Innar ɗayarsu ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, Dije ba ta taɓa wuce Gummi ba, amana na ba ki."

Ranar tafiya yara sun riga sun zauna cikin mota, sai ga hedimasta da ɗiyansa biyu da na abokinsa biyu, waɗanda ba ma ɗalibanmu ba ne. Ya ce 'yan ruga su sauko, wai takalman roba sunka sa, za su ba makaranta kunya. Na ce, "Ranka ya daɗe, tarihi za su gani, ba takalminsu za a duba ba." Ya ce in ban so, ni ma in sauka. Na sauka, na raka su gida a ƙasa, Dije tana kuka.

Yau sati biyu ba su zo makaranta ba, iyayensu sun maida su tallan nono. Malam, wa zan kai wa ƙarar mutumin nan? Kuma me zan faɗa wa iyayen su sake yarda da ni? Ku ba ni shawara.