Tiyo a Cikin Duro

A tashar bas ta garin Negotin, wata tsohuwa tana zaune da ɗan ƙarfen famfo a cinyarta. Wani dattijo ya zauna gefenta.

"Baiwar Allah, wannan fa?"

"Shi ke hana ruwa komawa baya cikin bututu. Mai gyara ya gwada shi jiya, ya ce ya saki. Sabo zan sayo."

"Ke ma kin biye wa masu gyaran nan? Ni ban taɓa sa shi a gidana ba, ga ni garau."

"Haka maigidana yake cewa da. Bara ya zura tiyo cikin duron maganin feshin inabi, ya tafi cin abinci. Aka ɗauke ruwa, bututu ya zuƙo maganin har kicin."

"Ai shuɗi ne, kowa zai gani."

"Babba zai gani. Jikata Tijana shekararta huɗu. Kyau ruwan ya yi mata, ta sha."



"Ta dai tashi?"

"Ta tashi. Maigidan nawa ne har yau ba ya iya haɗa ido da ita."

Bas ta iso. Dattijon ya miƙe, ya kama hanyar gida.

"Bawan Allah, ga bas ɗin."

"Hau ki je. Nawa tiyon yana cikin duro."