Muryar Inna da Layin da Aka Shaƙe

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan zama, shugabannin hukumar da ke kula da harkar sadarwa, wakilan kamfanonin intanet da aka ce mini suna zaune a hannun damana, 'yan jarida, iyayena mata da iyayena maza, 'yan'uwana makafi da na ji ƙarar sandunansu tun daga bakin ƙofa, da sauran jama'ar da suka bar ayyukansu suka zo, ina gaishe ku gaisuwar ban-girma, kowa da matsayinsa.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga baiwar Allahn da ta riƙo hannuna ta kawo ni gaban abin magana. Waɗanda suka riga ni sun zo da takardu da alƙaluma, na saurare su, na ƙaru. Ni malamin makaranta ne, makaho, ina koyar da yara makafi, kuma ni ke shugabantar ƙungiyarmu ta masu karatu da kunne. Ban zo da takarda ba, ko na zo da ita fifita kawai zan yi. Abin da na kawo muku labarin muryar wata mata ne, da yadda muka yi asararta muna ji.

Da farko, bari in bayyana yadda muke aiki, don kada a ɗauke mu a abin da ba mu ba. Mu a warwatse muke, wani a wannan gari, wani a wancan. Masu ido na kirki su ke karanta mana littafi, su naɗi muryarsu. Ba mu da babbar ma'ajiya irin ta kamfanoni inda za a zuba komai kowa ya je ya ɗiba, saboda haka littafi yana tafiya ne daga kwamfutar wannan zuwa kwamfutar wancan, hannu da hannu, guntu-guntu. In ka samu guntu, ɗan'uwanka zai ɗauka daga wajenka, kai ma ka ɗauki wanda ba ka da shi daga wajensa. Muna da ƙa'ida guda da muke alfahari da ita: wanda littafi ya fito daga hannunsa ba ya kashe kwamfutarsa sai wani ya bugo masa waya ya shaida cewa littafin ya iso cikakke. Shekara da shekaru a haka muke, ba mu taɓa ɗaukar kayan kowa ba, muryoyin mutanenmu muke rabawa da yardarsu.

A cikin masu karanta mana akwai wata tsohuwar malamar kimiyya da ta yi ritaya, dukanmu Inna muke ce mata. Jama'a, na'ura ma tana karatu, mun sani, muna amfani da ita. Amma in na'ura ta zo kan zane sai ta ce "hoto", ta wuce abinta. Inna kuwa in ta zo kan zanen zuciya, sai ta ce, "To 'ya'yana, ku ajiye komai, kowa ya dunƙule hannunsa na hagu ya ɗora a ƙirji. Wannan dunƙulen shi ne girmanta. Yanzu ku bi ni ɗaki-ɗaki." Yaran da ba su taɓa ganin allo ba sun ci jarrabawar kimiyya da wannan murya.

Bara likita ya gaya wa Inna cewa akwai ciwo a maƙogwaronta, sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba za ta sake magana ba. Da wata ce ta ji haka, sai ta kwanta ta yi ta kuka, kuma ba mai ganin laifinta. Inna ta tattaro littattafan kimiyya na 'yan sakandare gaba ɗaya, ta shige ɗakin da ɗanta ya ba ta a gidansa, can wani gari mai nisa, ta rufe taga saboda hayaniyar titi, ta yi ta karatu. Tana karatu tana kurɓar ruwan ɗumi, muryar na dushewa tana lallaɓa ta, har ta kai shafin ƙarshe. Ta zuba su a tsohuwar kwamfutarta, ta buɗe mana hanya, ta tafi asibiti. Abin da ta bar wa ɗanta shi ne, ko me za a yi, kada a kashe kwamfutar.

Na biyu, ga abin da ya faru. Muka zauna ɗauka, abu ya ƙi tafiya. Littafin da a da kan iso kafin ka gama shan shayi, yanzu sai ya wuni yana ɗiga kamar famfon da aka take wa tiyo. Kwamfutata mai magana ce, in na taɓa ta sai ta ce, "Ana jira." Da safe ana jira, da yamma ana jira, har matata ta fara tsokanata, in na tambayi abinci ta ce, "Malam, ana jira." Mun yi dariya a makon farko, a mako na biyu dariyar ta ƙare.

Na ɗauki sandata na je ofishin kamfanin da nake biya duk wata. Na bi layi, na isa kanta inda ake karɓar ƙorafi, na yi bayani. Ma'aikacin ya karɓi wayata ya buɗe wani bidiyo, ya ce, "Baba, ai ga shi nan yana gudu, duba ka gani." Na ce masa, "Ɗana, da ina iya dubawa da ban zo nan ba." Ya ji kunya, ya ba ni haƙuri, ya gwada ƙarfin layin ya ce lafiya lau. Sannan ya ce, "Matsalar daga can wajen mai turowa ce. Wataƙila suna kashe na'urar. Ka sake gwadawa gobe." 'Yan ƙungiyarmu a garuruwansu suka je nasu ofisoshin, amsar ɗaya ce kamar an haɗa baki: naku lafiya, ku tambayi na can.

To, muka tambayi na can. Waya ta yi ta shiga gidan mutumin da uwarsa ke kwance a asibiti, ana ce masa ko dai ana kashewa ne, ko dai maiɗakinsa na cire wayar wuta in za ta yi shara. Ya rantse, ya sake rantsewa. Ya ce kwamfutar na nan a kunne, ta yi zafi har ya juyo mata fanka. Ya tambaya ko ya ɗan kashe ta ta huta, aka ce a'a, ai ba wanda ya samu cikakke, kuma kamfani ya ce gobe. Aikin yini guda ya koma na makonni, tsohuwar na'ura tana kunne ba dare ba rana, har ranar da ta yi ƙauri ta mutu. An kai ta wajen masu gyara, sun buɗe, sun ce abin da ke ciki ya tafi.

Abin da ya rage a hannunmu guntaye ne. Wannan babi ya iso, wancan bai iso ba. Akwai inda Inna ke cewa, "Yanzu ku saurara da kyau, nan ne ɗalibai ke faɗuwa," sai shiru. Na zauna da yarana a aji muna sauraron wannan shiru, wata yarinya ta ce, "Malam, ta tafi shan ruwa ne?"

Na uku, sai bayan an yi haka gaskiya ta fito. Na matsa har aka shigar da ni wajen manaja, ofis mai sanyi, kujera mai laushi. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Ai Malam, irin wannan ɗauka ta kwamfuta zuwa kwamfuta da gangan muke rage mata gudu. Masu satar fina-finai ne suka fi yin ta, suna cushe mana layi." Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe kuka fara?" Ya ce an ɗan jima. Na ce, "Wa kuka gaya wa?" Ya gyara zama. Ashe ko ma'aikatansu na kanta ba a gaya wa ba, shi ya sa suke ta tura mu gobe da zuciya ɗaya.

Mai girma shugaba, ban ce kamfani ba shi da ikon tsara layinsa ba. Ban ce babu ɓarayi ba, akwai su, kuma ba na kare su. Abin da nake cewa shi ne, da an gaya mana gaskiya a ranar farko, da a rana ta biyu mun sa mai ido a mota da ɗan faifai a aljihu, ya je ya kwafo mana komai. Ba gudun layi muka rasa ba kawai, an hana mu sanin halin da muke ciki, aka bar mu muna zargin juna.

Saboda haka ina roƙon hukuma abubuwa kaɗan. A wajabta wa kowane kamfani, in zai shaƙe wata hanya, ya faɗa kafin mutum ya sayi layinsa, ya faɗa da harshen da talaka ke ji, ya faɗa ta yadda kunne ma zai ji, don ba kowa ke karanta allo ba. A daina yi wa kowa hukuncin ɓarawo saboda ya bi hanyar da ɓarawo ke bi, domin ɗalibi na bin ta, mai ɗaukar hoto na bin ta, mu ma muna bin ta. A sanar da ma'aikacin kanta abin da ake yi a sama, don kada a mai da shi maƙaryaci bai sani ba. Kuma ita hukuma ta riƙa gwada layukan nan da kanta, ta gwada irin ɗaukar da muke yi, kada ta tsaya ga bidiyon da aka buɗe mata. Wanda ya biya kuɗin layi yana da haƙƙin ya san abin da aka sayar masa, yana da haƙƙin ya san abin da aka rage, yana da haƙƙin ya tafi wani wajen in bai yarda ba.

Kafin in sauka, akwai abu ɗaya. Da aka sallamo Inna na je gaishe ta. Aka zaunar da ni kusa da gadonta. Ita ba ta iya magana, ni ba na iya gani, sai ta kama hannuna ta riƙe gam, ɗanta na tsaye yana karanta mini leɓɓanta. Na zaci za ta tambayi yara ne. Sai na ji ɗan ya ce, "Malam, cewa take ku yafe mata. Ta ce wallahi ba a kashe ba."

Jama'a, wannan ita ce kaɗai ta nemi gafararmu a cikin wannan al'amari, daga farkonsa har zuwa yau da nake tsaye a gabanku.

Allah Ya ba Inna lafiya, Ya saka mata da abin da ya fi muryarta. Allah Ya ba yaranmu haƙurin abin da suka rasa. Allah Ya ba shugabannin wannan hukuma ƙarfin tsayawa a kan gaskiya, Ya ba masu kamfanoni zuciyar faɗinta tun kafin a tambaye su. Allah Ya sa albarka a wannan zama, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.