Uban da Ya Tare Ƙofa

Da la'asar, hadari ya haɗo, muna jiran a gama binciken motarmu a kan iyakar Jibiya. Wani dattijo ya leƙa wayar saurayin da ke gefensa yana kallon fim.

"Samari, ba yaron nan ne ya mutu a shirin makon jiya ba?"

"Shi ne, Baba. Ni ma na kaɗu. Wata na'ura ce ta kai su wata duniya, inda uban ya hana shi tafiya."

"Hanawa kawai? Sai ya rayu?"

"Ga shi kuwa."

"Ƙarya ce." Dattijon ya ƙura wa wayar ido. "Nawa ɗan da zai tafi Agadas, ni na riƙo masa jaka har nan."

"Ya dawo?"

"Mayar mini baya, inda uban ya tare ƙofa."

Saurayin ya mayar, ya cire iyafis ɗaya ya sa masa a kunne.