Tun da Sadisu ya ga teku

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni manomi ne daga wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Ɗana Sadisu gola ne a ƙungiyar ƙwallon matasa, aka tafi da su wasa Maroko. Da suka gama aka zaga da su gari, suka ga teku, har jirgin ruwa suka shiga. Tun da ya dawo ya kasa zama wuri ɗaya. A gona sai ya ajiye fartanya yana kallon hotuna a waya. Jiya ya ce mini, "Baba, ni fa komawa zan yi." Ni ma yanzu hankalina ya ƙi kwanciya, ga shi shi kaɗai ne namiji a 'ya'yana. Jama'a, ku ba ni shawara: in sake shi ne, ko in riƙe shi?